Na'urar Gano Hayaƙi, Zafi da Kabon Monoksaid: Tambayoyin da Masu Gida a Kaduna Suka Fi Yi

Sana'ata haɗa wutar lantarki a gidaje. A 'yan shekarun nan da wuya in gama aiki a Malali, Barnawa ko Unguwar Rimi ba a tsayar da ni a kan batun wannan 'yar farar na'ura mai kama da faifai da ake maƙalawa a silin ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko daga bakin maigida suka fito, ko uwargida, ko mai otal. Ga su nan da amsar da nakan bayar.

Wace irin na'ura ce, kuma me ake nufi da "uku a ɗaya"?

Masu gadi uku ne aka zuba a akwati ɗaya. Na farko hayaƙi yake dako: a cikin na'urar akwai ɗan lungu mai duhu da wani siririn haske ke ratsawa, da hayaƙi ya shiga sai hasken ya tarwatse ya faɗa kan wani ido na lantarki, sai ta sa kuka. Na biyu zafi yake aunawa, kuma yawanci yana tashi ne idan zafin silin ya kai wajen digiri 58. Na uku 'yar ƙwayar sinadari ce da ke neman iskar kabon monoksaid.

A karanta kwalin da kyau kafin a biya kuɗi. Da yawa daga cikin na kasuwa biyu ne a ɗaya, hayaƙi da kabon monoksaid kawai. Akwai kuma wani tsohon samfuri da ke gano hayaƙi da ɗan mitsitsin sinadarin amerishiyam. Yana da saurin jin wuta mai harshe, amma ya cika kukan banza idan ana girki a kusa. A gidajenmu gobara takan fara ne da wayar da ta yi zafi ko katifar da ke ci a hankali, shi ya sa na fi son mai aiki da haske.

Kabon monoksaid ba shi ne baƙin hayaƙin janareto ba?

Tare suke tafiya, amma ba abu ɗaya ba ne. Baƙin hayaƙi ana ganinsa, yana da wari, yana sa tari. Ita kuwa iskar kabon monoksaid ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tana fitowa duk inda aka ƙona fetur, kananzir, gas, itace ko gawayi babu isasshiyar iska. Garwashin da ya yi jajir, wanda ko ɗigon hayaƙi ba ya yi, yana fitar da ita.

A jini take ɓarna. Sinadarin da ke dakon oksijin a jinin mutum ya fi kama ta sama da sau 200 a kan yadda yake kama oksijin ɗin, sai jiki ya riƙa shaƙewa daga ciki. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Kowannenmu zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya haɗiyi farasitamol ya koma ya kwanta a ɗakin da ke cutar da shi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji dama-dama da suka fita tsakar gida, to a zargi iskar ɗakin.

Barcina ba nauyi. In wuta ta tashi ai ƙauri zai tashe ni, ko?

Kunne ne ke gadin mai barci, hanci ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa ake ƙera na'urar da ƙara mai kaiwa desibel 85 a tazarar mita 3. Ga kuma kayan ɗakinmu na yanzu: soson kujera, katifa, labulen leda, silin roba. Suna ci da sauri, hayaƙinsu dafi ne, tagoginmu kuma duk an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi. Mintoci kaɗan ne tsakanin fita da ƙafa da fitarwa a hannu.

Guda nawa gida ke buƙata?

A fulat mai ɗaki uku: ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya a koridon da ɗakunan ke buɗewa, ɗaya a falo, sai ta kicin wadda daban take, kamar yadda zan yi bayani a amsar kicin. In bene ne, kowane hawa da tasa, kuma kada a manta da saman matattakala, don nan hayaƙi ke bi ya hau.

Takardun da ke zuwa cikin kwalin an rubuta su ne da gidan Turawa a rai, inda kowane ɗaki ke buɗewa cikin korido ɗaya. Gidajenmu na Tudun Wada, Rigasa ko Kawo da yawa ba haka suke ba, kowane ɗaki tsakar gida yake kallo. A irin wannan gida ba wani wuri ɗaya da zai wadatar, duk ɗakin da ake kwana sai an ba shi tasa. Haka ɗakin da ake rufewa ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki. In aljihu bai kai ba, a fara da ɗakin yara da ɗakin da tagarsa ta fi kusa da janareto, sauran su biyo baya.

A silin ɗin, daidai ina za a ɗaura ta?

Kusa da tsakiya, a bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da bango ko ƙwan fitila. Kusurwar da bango ya haɗu da silin iska ba ta motsi a wurin, hayaƙi kan makara kafin ya isa. Matsalarmu ita ce tsakiyar silin fanka ta riga ta kama. To a matsa gefe, wajen mita ɗaya daga bakin fukafukanta, kuma kada a sa ta a saitin iskar na'urar sanyi, ko bakin taga, ko ƙofar banɗaki inda tururin wanka ke fitowa.

Silin POP mai hawa-hawa yana da nasa tarkon. Masu gida sukan so a ɓoye na'urar a cikin lungun ado inda ake sa fitilu masu launi, don kada ta ɓata kwalliya. Ba na yarda. A fili take aiki, a shimfiɗaɗɗen wuri. Kada kuma a sa ta a cikin rufi ko a ƙarƙashin kwano tsirara. Yawancin na gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma duk wanda ya taɓa hawa cikin rufi a Kaduna a watan Afrilu ya san abin da ke can.

Wasu sukan ce kabon monoksaid ƙasa take kwanciya, don haka silin bai dace ba. Ba haka ba ne. Nauyinta kusan ɗaya da iskar da muke shaƙa, gauraya take yi da ita, kuma takan tashi sama tare da ɗumin abin da ya fitar da ita.

A kicin fa, tunda nan wuta take?

Nan ne wurin da "uku a ɗaya" ba ta dace ba. Suyar kifi ɗaya, ko man da ya ɗan ƙone kafin a zuba albasa, ya isa ya sa ta kuka. Kwana uku ana haka, uwargida za ta sa a ciro ta a jefa a durowa, kuma ba zan ga laifinta ba. Duk mai sashen hayaƙi a nisanta ta da murhu aƙalla mita 3.

Abin da ya dace da kicin shi ne na'urar zafi, wadda ba ruwanta da hayaƙin suya, tare da ta kabon monoksaid. Akwai masu haɗe da waɗannan biyun kawai. A ɗaura ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhun gas ko risho, ba a samansa kai-tsaye ba. A lura kuma da harshen wutar gas: shuɗi ya kamata ya kasance. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, gas ba ya ƙonewa daidai, a kira mai gyara.

Za ta sanar da ni idan tukunyar gas tana yoyo?

A'a. Gas ɗin girki abu ne daban, yana da tasa na'urar. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa, don haka ita ana ɗaura ta ne ƙasa-ƙasa a bango kusa da tukunyar.

Janareto na yana baranda, kuma ina barin ƙofa a buɗe. Bai isa ba?

Bai isa ba. Baranda, gareji, ƙarƙashin matattakala, lungun da ke tsakanin gida da katanga, duk wurare ne da iskar ke taruwa ta sulale ta taga. Shawarar da hukumomin lafiya na Amurka ke bayarwa ita ce a nisanta janareto da gida aƙalla mita 6, bututun hayaƙinsa yana kallon nesa da tagogi. Na san a fili mai ƙafa 50 da 50 wannan ba kullum yake yiwuwa ba, ga tsoron ɓarawo, ga ruwan damina. To a yi masa keji mai rufi da iska ke ratsawa ta ko'ina, a can ƙarshen fili, kuma ɗakin da ya fi kusa lallai ya samu na'ura.

Wani Alhaji da na yi wa aiki ya taɓa kira na da sassafe, ransa a ɓace, wai na sa masa jabu, ta hana su barci alhali injinsa a kashe yake. Da na je na danna maɓallin da ke nuna adadi mafi yawa da ta auna, sai ga lamba ta fito. Muka zagaya bayan ɗakin. Maƙwabcinsa ya jingina ƙaramin janareto a jikin katanga, bututun yana saitin tagar ɗakin yara, har bangon ya yi baƙi a wurin. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Da hunturu mukan shiga da kaskon gawayi ɗaki. In akwai na'urar, ba komai ke nan?

Da komai. Na'urar ƙararrawa ce, ba ta tsotse guba daga iska. Disamba da Janairu, lokacin da ake toshe kowace kafa saboda sanyi, su ne watannin da na fi tsoro, musamman ɗakin maijego da na tsofaffi. Jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su iskar ta fi saurin kayarwa. In dole ne a ɗumama ɗaki da garwashi, a yi da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta. Rufe garwashi da toka ba kashe shi ba ne.

Malam, ni kullum sai na yi turaren wuta. Ba za ta dame ni ba?

Hajiya, za ta yi kuka in hayaƙin ya yi kauri, don ba ta san bambancin turaren Maiduguri da katifa mai ci ba. Maganin sauro na kunnawa ma yakan tashe ta a ƙaramin ɗaki. Dabarar ita ce ki sayi mai maɓallin yin shiru: kina dannawa za ta yi tsit na wajen minti goma, sannan ta koma bakin aiki da kanta. Ki ajiye kaskon turaren nesa da saitinta, ki ɗan buɗe taga. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne cire batir ko ɗaure ta da leda, don ba a tunawa a mayar.

Mai batir zan saya ko mai haɗawa da wutar gida?

Ga gidan da aka riga aka gama, mai batirin litiyam da aka rufe a ciki, wanda ke kaiwa shekara goma. Ba a fasa silin, ɗaukewar wuta ba ta shafe ta, kuma ba wanda zai zare batirin ya sa a rimot ko tocila. Wannan na ƙarshen na gan shi ba sau ɗaya ba.

Mai haɗawa da wuta ta fi dacewa da sabon gini. Dole ta kasance da batirin ko-ta-kwana, kuma a sani cewa a nan batirin zai yi aiki fiye da yadda masu ƙera ta suka zata. Layinta kada ya bi ta makunnin fitila. A kula da kayan da aka kawo daga Amurka: nasu bolt 120 ne, namu 230, kana haɗawa ta ƙone.

Ko wacce aka zaɓa, in gidan babba ne a nemi masu magana da juna, ta waya ko ta iska, yadda in ɗaya ta ji abu duka za su ɗauki kuka. Ba amfanin na'urar falon ƙasa ta yi ta ihu maigida na sama da ƙofa a rufe.

Yaya ake gwada ta, kuma sau nawa?

Akwai maɓalli a fuskarta da aka rubuta TEST. A danna a riƙe har ta yi kuka. Sandar tsintsiya ta isa, ba sai an hau kujera ba. Sau ɗaya a wata ne mafi ƙaranci, kamfanoni da yawa ma kowane mako suke cewa. A ɗaura abin a kan ranar da ba a mantawa, kamar Juma'ar farko ta wata, sannan a ƙara gwadawa duk lokacin da aka dawo daga tafiya.

Gwajin farko a yi shi da dukan iyali. Wani ya shiga ɗaki mafi nisa, ya rufe ƙofa, ya kunna fanka, a ji ko ƙarar na isa. A koya wa kowa bambancin kukan. A samfurin Amurka ƙara uku-uku gobara ce, huɗu-huɗu kabon monoksaid. Wasu kuma magana suke yi ko su nuna fitila mai launi daban, takardar cikin kwali za ta faɗa. Ƙananan yara sukan yi barci su wuce ƙarar, don haka tun yanzu a san wa zai ɗauko wa.

Maɓallin yana tabbatar da cewa tana jin hayaƙi da gaske?

Yana tabbatar da batir, ƙararrawa da kayan lantarkin ciki. Ba ya tabbatar da cewa hayaƙi na iya shiga, don na'urar da ƙura ta toshe wa kafofi za ta iya amsa maɓalli lafiya lau. Gwajin gaske da gwangwanin hayaƙin gwaji ake yi, a fesa kaɗan daga nesa. Sashen zafi ana hura masa iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi, ba tare da an manna ta a jiki ba. Sashen kabon monoksaid yana da nasa gwangwanin, ana rufe na'urar da wani kofi a sa iskar a ciki. Sau ɗaya a shekara ya wadatar a gida, kuma ni na fi son a yi bayan hunturu.

Kada a kusanta mata kyandir ko ashana, robar narkewa take. Kada kuma a kai ta bakin salansar mota ko babur, ƙazantar da ke fita tana lalata ƙwayar sinadarin.

Tana kuka ba gaira ba dalili. Me ke jawo haka?

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko'ina, kuma a idon na'urar ƙura da hayaƙi 'yan uwa ne. A share kafofinta da burushi mai laushi ko injin zuƙe ƙura, ba ruwa, ba sabulu. Na biyu ƙwari da saƙar gizo. Kada a fesa mata maganin ƙwari, kada mai fenti ya shafe ta. In ana gogar POP a rufe ta, a buɗe in an gama. Na taɓa shiga wani sabon gida na tarar duk na'urorin suna sanye da jar hular roba da aka kawo su da ita, mutane sun shekara a ciki.

Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba: batirin inbata mai ruwa. Idan yana caji yakan fitar da iskar haidurojin, kuma sashen kabon monoksaid yakan ɗauke ta a matsayin abin da yake nema. In kukan yana zuwa ne daidai lokacin da aka kawo wuta ko rana ta take a kan sola, a duba batiran, a ba ɗakinsu iska, a matsar da na'urar. Amma kafin a ce kukan banza ne, a tuna da Alhajin nan da janareton maƙwabcinsa ya sa na'urarsa kuka.

Tana ɗan yin "ƙit" jefi-jefi. Lalacewa ta yi?

Ƙara ɗaya gajera kusan kowane minti yawanci batir ne ya yi sanyi. In an canza bai daina ba, ko kuma mai rufaffen batir ce, to wa'adinta ya cika. Sashen hayaƙi shekara goma yake yi daga ranar da aka ƙera shi, ba ranar da aka saya ba. Na kabon monoksaid tsakanin shekara biyar zuwa goma, gwargwadon samfuri. Tunda a akwati ɗaya suke, wanda ya riga mutuwa shi ke ja a canza duka. Kwanan watan yana bayan na'urar.

Allonta ya nuna lamba amma ba ta yi kuka ba. Me ya sa?

Da gangan aka yi ta haka, don cutarwar iskar ta danganta da yawanta da kuma daɗewar da aka yi ana shaƙa. Lambar tana nufin kashi nawa ne cikin miliyan. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291, a kan 50 za ta yi kuka tsakanin minti 60 zuwa 90, a kan 100 tsakanin minti 10 zuwa 40, a kan 300 kuwa cikin minti 3. Ta Amurka, UL 2034, daga 70 take farawa. Ko ba ta yi kuka ba, lambar da ke yawan fitowa tana nufin akwai abin da ke ƙonewa ba daidai ba a kusa, a nemo shi.

To in ta yi kukan gaske cikin dare, me za mu yi?

In gobara ce, kowa waje, ba tsayawa ɗaukar takardu. A sunkuya ƙasa da hayaƙi, a rufe ƙofa a baya, a taru a wuri ɗaya a ƙirga kai, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana. Makullin ƙofar ƙarfe ya kasance a inda kowa ya sani, kuma aƙalla taga ɗaya a yi mata ƙarfe mai buɗewa daga ciki.

In kabon monoksaid ce, a fita iska tukuna, a bar ƙofofi a buɗe, a kashe janareto ko murhun gas in ana iya kaiwa gare su ba tare da an daɗe a ciki ba. Duk mai ciwon kai, amai ko ruɗewa a kai shi asibiti, Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho ko wanda ya fi kusa, a gaya musu ƙarara cewa hayaƙin janareto ko gawayi ake zargi. Wannan bayanin yana da muhimmanci, don 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan nuna oksijin lafiya alhali ba haka ba ne. Maganinsa oksijin ne. A iskar waje jiki yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Manja da madara ba sa yin komai, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki yana iya shaƙe shi.

Yaya zan gane ta kirki a kasuwa?

Ko a Kasuwar Sheikh Gumi ka saya ko ta intanet, juya bayanta. Nemi EN 14604 ko UL 217 don hayaƙi, EN 50291 ko UL 2034 don kabon monoksaid. Mai haɗe ya kamata ta nuna na ɓangarorin biyu. Nemi ranar ƙerawa, sunan kamfani da takardar bayani. Kidde, First Alert, FireAngel da Ei Electronics sanannun sunaye ne, ko da yake sunan kirki shi ake yi wa jabu. Wadda ta shekara huɗu a kanta a shago ta riga ta cinye kusan rabin rayuwarta, ta gwanjo kuwa ban san abin da zai sa a saye ta ba.

Ina da otal, ko makarantar kwana, ko rukunin shaguna. Irin ta gida za ta yi?

Ba za ta wadatar ba. Babban gini yana buƙatar tsari mai allon kula a wurin da kullum akwai mutum, kamar teburin karɓar baƙi ko ɗakin maigadi, da ƙararrawa a kowane hawa, da akwatunan ja da ake fasa gilashinsu a tada jama'a, da batirin da zai riƙe in an ɗauke wuta. Iri biyu ne. Mai shiyya-shiyya zai ce maka matsala na hawa na biyu, sai ka bi ɗaki-ɗaki. Mai adireshi kuwa zai ce ɗaki na 14. Ya fi tsada, amma a ginin da mutane ke kwana shi nake zaɓa. Kayan irin wannan tsari ƙa'idar EN 54 suke bi.

Gwajinsa ma daban ne. A tsarin Ingila na BS 5839, wanda injiniyoyi da yawa ke bi, kowane mako ana gwada akwatin ja ɗaya, a canza wani a mako na gaba, ƙwararre kuma ya duba tsarin aƙalla kowane wata shida, a rubuta komai a littafi. A gayyaci jami'an kashe gobara su zagaya ginin. In sabon gini ne, a sa tsarin a cikin zanen tun kafin a kai shi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a ja wayoyinsa kafin mai POP ya rufe silin, kuma ɗakunan da ke kusa da gidan janareto da kicin a sa musu masu sashen kabon monoksaid.